Dala miliyan 765 a kan Juan Soto: an yi ciniki ne, ko an yi wa Mets wayo?

Ɗan Queens:
Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da ni, tun jiya, ranar ƙarshe ta kakar baseball ta 2025, ban yi barcin kirki ba. Ina kan hanyar filin jirgin LaGuardia, fasinja a baya, rediyo a kunne, lokacin da Lindor na kulob ɗinmu New York Mets ya buga ƙwallon da aka fitar da mutum biyu da ita, wasa ya tashi an ci mu 4 da 0 a Miami. Ga filinmu Citi Field can ina hango shi ta gilashi, shiru kamar an yi shara. Fasinjan ma hular Mets ce a kansa. Ni da shi ba wanda ya ce uffan har na sauke masa akwati.

Abin da ya fi ƙona mini rai, Cincinnati, da muke takarar gurbi a wasannin ƙarshe da su, su ma sun sha kashi a Milwaukee. Ƙofa a buɗe take, shiga kawai muka kasa yi. A ranar 12 ga Yuni mun ci wasa 45, an ci mu 24, babu wanda ya kai mu a duk ƙasar. Muka ƙare da 83 da 79, muna kallon wasu a talabijin.

To ga tambayata. An ɗauki dala miliyan 765 an ba mutum ɗaya, shekara 15. Bara, babu shi, saura wasa biyu mu shiga World Series, jerin wasannin ɗaukar kofi. Bana, da shi, ko ƙofar wasannin ƙarshe ba mu leƙa ba. Ni na ce Juan Soto zuzuta shi ake yi fiye da ƙimarsa. Wanda yake da ja ya fito.

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba da haƙuri, ɗan'uwa. Mu 'yan Yankees nan Bronx muna taya ku jimami, amma gobe Talata muna da wasa da Boston, saboda haka ba za mu samu zuwa zaman makoki ba.

Ɗan Queens:
Na san kai ne za ka fara leƙowa.

Baban Khalifa:
To wa ya kamata? A Disamba ku ne kuka cika mana kunne, kun ƙwace Soto, New York ta koma taku. Yankees sun taya shi miliyan 760 a shekara 16, ya ce bai sallama ba, ya haye gada ya tafi. Muka juya muka ɗauko mai jifa Max Fried a miliyan 218, ya ci mana wasa 19. Muka kawo Bellinger. Har Grisham, wanda San Diego suka ba mu kamar gyara a kan cinikin Soto, ya buga hom-ran 34, wato dukan da ke tsallake katanga. Mun ci wasa 94. Ni ban ce Soto bai iya ba, amma kuɗin rago ɗaya mun sayi garke da shi.

Maman Ilham:
Sannunku da hira. Yaya Ɗan Queens, na san zafi ne yake magana, amma bari in ajiye maka lissafi, tunda shi ne abincina. Bana Soto ya buga hom-ran 43, bai taɓa kai haka ba, ko bara da ya yi 41 a Yankees. Ya kawo mutum 105 gida, wato suka ci maki da dukansa, shi da kansa ya kai gida sau 120. Ya samu tafiyar kyauta 127. Ya saci tasha 38, mutumin da bai taɓa wuce 12 a kaka ɗaya ba. A cikin duk zuwa goma da ya yi gaban mai jifa, kusan huɗu bai koma benci ba. Faɗa mini wanne ne a nan bai yi ba daga abin da aka saye shi ya yi.

Baba Alhaji:
'Ya'yana, ku dakata. Shekara 26 ina garin nan, wannan wasan naku har yau ban gane kansa ba. Ni ƙwallon ƙafa na sani. Mene ne kuma tafiyar kyauta? Kuma wace irin sata ce ake yaba wa mutum a kanta?

Maman Ilham:
Baba, barka da war haka. Idan kun lura a talabijin akwai wani ɗan akwati da ake zanawa a gaban mai sanda. Mai jifa yana so ya sa ƙwallo cikin akwatin nan. Idan ta shiga sau uku mai sanda bai doke ta ba, ko ya kai duka ya kuskure, an fitar da shi. Idan kuma ta fita waje sau huɗu shi kuma ya ƙi kai mata duka, sai ya ajiye sanda ya taka zuwa tasha ta farko ba tare da ya doki komai ba. Ita ce tafiyar kyauta. Satar tasha kuwa, yana tsaye a tasha ɗaya ya faki idon mai jifa ya ruga ta gaba kafin a jefo ƙwallo a taɓa shi.

Kuma Baba, wasan nan ba agogo. Kowane ɓangare fitarwa 27 yake da ita, in ta ƙare wasa ya ƙare. Saboda haka mutumin da ba a iya fitar da shi cikin sauƙi, kamar wanda yake ƙara wa kulob ɗinsa minti ne a fili.

Baba Alhaji:
To na ji. Wato dai ana biyan yaron nan don ya ƙi duka.

Ƙanin Kowa:
Baba kun gama magana wallahi. Miliyan 51 a shekara. Na raba da wasa 162, ya kama kusan dala dubu 315 kowane dare. Ni ma a ba ni sandar, na iya tsayuwa.

Malamin Lissafi:
Ƙanina, ka tsaya ɗin mu gani. Ƙwallon da ake jefowa da gudun mil 98 a awa, kafin ka ƙifta ido ta wuce, wata kuma ta taho kamar za ta shiga akwatin sai ta karkace a gabanka ta faɗi ƙasa. Sanin wadda za a bari ya fi dukan wuya. Masu kallon dambe sun san wannan. Akwai ɗan damben da zai yi ta kai hannu, 'yan kallo na ihu, makaɗi na zuga shi, ba abin da ya taɓa sai iska. Akwai wanda zai tsugunna ya kafa maka ido, ba zai saki hannu ba sai ya ga haƙarƙari a buɗe. Soto irin na biyun ne, har tsugunnon yana yi. Ku dubi yadda yake in an jefo masa ta waje: ya buɗe ƙafa, ya share ƙasa da takalmi, ya zuba wa mai jifa ido yana gyaɗa kai.

Ni daga Kano nake rubutu, amma a Maryland na yi karatu, kuma 2019 ina can, lokacin Soto yana Washington. Wasan kifa-ɗaya-kwala da Milwaukee, ana cin Washington 3 da 1 a zagaye na takwas, tashoshi uku duk a cike, Josh Hader yana jifa. Hader bahago ne, Soto ma ta hagu yake duka, kuma a lokacin masu dukan hagu tsoron Hader suke kamar me. Yaron nan shekararsa 20. Ya narka ta gefen dama, ƙwallo ta kuɓuce wa mai tsaron wurin, mutum uku suka shigo. Kun san wanda ta kuɓuce wa? Trent Grisham, wanda Baban Khalifa yake yi mana taƙama da shi yanzu. A ɗakin da muke kallo akwai wani ɗan Habasha da ya zubar mini da shayi a kan takardun jarrabawar ɗalibai don murna, sai da na busar da su da na'urar busar da gashi.

Daga nan suka je World Series da Houston. Wasan farko ya ɗaga ƙwallon Gerrit Cole har kan layin jirgin ƙasan nan na ado da ke saman katangar filinsu. Hom-ran 3 ya buga a jerin, a tsakiyarsa ya cika shekara 21, suka ɗauki kofi a wasa na bakwai. Wanda ya ga wannan ba zai ce zuzutawa ce ba.

Ɗan Queens:
Malam, ban musa maka 2019 ba. Amma mu ba tarihi muka saya ba. Ina Soto yake a Afrilu da Mayu? Har ƙarshen Mayu dukansa bai wuce wajen kashi 23 cikin 100 ba. Yana tafiya a fili kamar wanda aka tilasta wa zuwa biki. Ka tuna Boston? Ya doki ƙwallo ta nufi dogon koren bangon nan na Fenway, ya tsaya yana kallo yana zaton ta fita, ta daki bango ta dawo, ya tsaya a tasha ta farko maimakon ta biyu. Har koci Mendoza ya ce za su zauna su yi magana. Ni in na tsaya kallon hanya fasinja ya makara, tauraro ɗaya zai ba ni. Shi kuwa an ba shi miliyan 75 tun ranar sa hannu.

Maman Ilham:
Kuma bayan ya tsaya a ta farkon, me ya yi? Ya saci ta biyu. Amma na yarda, abin bai yi kyan gani ba. Sai dai Yaya, duba abin da kake faɗa. A Afrilu da Mayu da Soto yake sanyi, Mets suna cikin na kan gaba a ƙasa. A Yuni ya farka, hom-ran 11, aka ba shi gwarzon wata, kuma daga nan har ƙarshe bai sake yin sanyi irin na farko ba. A daidai lokacin ne kulob ya fara zamewa. In da shi ne matsalar, ai da akasin haka za mu gani.

Abin da ya kashe Mets jifa ne. Ranar 12 ga Yunin da ka ambata, ita ce ranar da mai jifa Senga ya ji ciwo a cinya yana tsalle ya kama ƙwallon da Alonso ya jefo masa sama. Bai dawo daidai ba, har a Satumba aka tura shi ƙaramin rukuni. Manaea da Montas ciwo. Masu fara jifa ba sa kai zagaye na shida, kullum a kira na benci, har suka gaji. Helsley da aka ɗauko daga St. Louis don ya toshe ɓaraka, shi ya ƙara yage ta. A ƙarshe yara sababbin fitowa irin su McLean aka ɗora wa kaya. Soto ba ya jifa.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum. Ni bari in kawo muku ta bakin mutanensa. Ina kai abinci da keke a Washington Heights, rabin abokan aikina 'yan Dominika ne, mai askina ma haka. A shagonsa hoton Soto uku ne a bango, da rigar Washington, da ta Yankees, da ta Mets, bai cire ko ɗaya ba. Na tambaye shi wane kulob yake goyon baya, ya nuna hoton da almakashi ya ce wannan.

Su a wurinsu maganar ba ta ko ya cancanta ba ce. Yaro ne daga Santo Domingo da aka ɗauka yana shekara 16 a kan dala miliyan ɗaya da rabi. A 2022 Washington suka ajiye masa miliyan 440, ya ce a'a. Mai askin ya ce a ranar har a unguwarsu zaginsa aka yi, ana cewa ya haukace, dillalinsa Boras zai kai shi ya baro. Shekara biyu da 'yan watanni ya karɓi 765. Yanzu in ka shiga shagon ka ce Soto bai cancanta ba, da rabin aski za ka fito.

Baba Alhaji:
Shi dillalin nan, Allah kaɗai ya san la'adarsa.

Baban Khalifa:
Baba, wannan ko a Kumasi ya zauna, sai ya sayar wa mai goro goro.

Amma bari in faɗi wata gaskiya, ko da za ta rage mini daɗin yau. A watan Mayu da Mets suka zo Yankee Stadium na kai Khalifa, muka zauna sama can inda tikiti yake da dama-dama. Da Soto ya fito dukan farko, ihun da aka yi masa sai da na ji kujera tana rawa. Shi kuwa ya cire hular kwano ya ɗaga mana yana murmushi. Da ya tafi tsaron gefen dama, 'yan kallon da ke bayansa suka juya masa baya gaba ɗaya. Ni ma ina ta ihu. Sai Khalifa ya ja mini riga ya ce, Baba, ba shi ne wanda ka ɗaga ni sama saboda shi ba? Na rasa abin cewa.

Yana nufin daren Cleveland, Oktoban bara. Zagaye na goma, 2 da 2, mutum biyu a tasha, saura fitarwa ɗaya. Mai jifa ya yi ta turo masa masu lanƙwasa, shi kuma yana ta goge su gefe, ɗaya bayan ɗaya, yana gyaɗa kai kamar mai cewa kawo wadda nake jira. Da aka kawo mai gudun, ya aika ta tsakiyar fili bayan katanga. Shi ya kai mu World Series karon farko tun 2009. Na ɗaga yaron nan har kansa ya kusa taɓa fanka, uwarsa ta fito tana faɗa. Ba a yi wa wanda bai iya ba irin ihun da muka yi masa a Mayu. Haushi ne kawai.

Ƙanin Kowa:
A ajiye wannan saƙon, jama'a. Ɗan Yankees ya yi tuba a bainar jama'a.

Baban Khalifa:
Ban tuba ba. Na ce ya iya, ban ce ya kai 765 ba. Judge namu na Yankees yana karɓar miliyan 40 a shekara, bana ya buga 53 kuma ya fi kowa yawan duka, kashi 33 cikin 100. Soto 26. Kuma Judge yana tsaron fili da kyau. Ka taɓa ganin Soto yana bin ƙwallon da ta nufi kwana? Kamar mai neman makulli a duhu.

Hajiya Ta Harlem:
Na daɗe ina karanta ku, bari in sa baki. Ni ba lissafin Maman Ilham na iya ba, amma shekara 19 ina sayar da abinci, na san ciniki. Ku duka kuna magana a kan bana. Ba bana aka saya ba, har 2039 aka saya. Ranar da kwantiragin nan zai ƙare yana da shekara 40. Yau ma da yake 26 ana kuka da tsaronsa. In ya kai 33 fa? Sai dai a ajiye shi ya riƙa duka kawai ba ya fita fili, kuma wannan gurbin mutum ɗaya ne a kulob. Shekara bakwai ko takwas an toshe shi da mutum ɗaya.

Mun ga irinta. Pujols, lokacin da Angels suka ba shi miliyan 240 na shekara 10, babu kamarsa a duniya. Ƙarshenta sallamarsa suka yi kafin wa'adi ya cika. Cabrera a Detroit haka ya ƙare yana jan ƙafa. Rendon kuwa, abokin wasan Soto a 2019, miliyan 245, ya fi zama a ɗakin jinya fiye da fili. Kuma ku 'yan Mets ai ba sai an ba ku labari ba, duk 1 ga Yuli kuna aika wa Bobby Bonilla sama da dala miliyan ɗaya, mutumin da ya daina yi muku wasa tun 1999, kuma sai 2035 za ku huta.

Ɗan Queens:
Hajiya, don Allah a bar maganar Bonilla, yau ba ranarta ba ce.

Malamin Lissafi:
Hajiya ta kawo magana mai nauyi, kuma ita ce kaɗai a cikin duk sukar da aka yi nake ganin tana da ƙafa. Amma akwai bambanci. Pujols yana dab da cika 32 aka saye shi, wato an biya kuɗin abin da ya riga ya yi wa St. Louis. Soto ya shiga kasuwa yana 26, saboda ya fara yana 19. Irin wannan ba ya faruwa sai jefi-jefi, shi ya sa farashin ya haukace. Mets sun sayi shekarun ƙarfinsa ne, biyar ko shida, sauran kuma biyan bashi ne da suka sani tun farko.

Na biyu, abin da yake fara tafiya a jikin ɗan wasa ƙafa ce, sai saurin hannu. Ido yakan daɗe. Wanda abincinsa gudu ne, in gwiwa ta tafi ya tafi. Wanda abincinsa sanin wace ƙwallo zai bari ne, yana iya kai 37 ana tsoronsa. Har yau a duk rayuwarsa ta wasa, tafiyar kyautar da Soto ya samu ta fi yawan fitar da shi da aka yi da jifa uku. A zamanin nan da kowa yake kai duka da ƙarfin tsiya, ku nemo mini masu hom-ran 40 da za a faɗi haka a kansu.

Hajiya Ta Harlem:
Malam, ido ba ya tsufa? Ni da nake sa tabarau biyu yanzu?

Malamin Lissafi:
Hajiya kin kama ni. Yana tsufa, amma a hankali.

Maman Ilham:
Ƙari a kan maganar kuɗin, don mutane suna haɗa shi da Ohtani na Dodgers. Na Ohtani miliyan 700 ne a takarda, amma 680 sai bayan shekara goma za a fara biyansa, yanzu miliyan 2 kawai yake karɓa a shekara. In ka mayar da shi kuɗin yau bai wuce wajen 460 ba. Na Soto babu jinkiri ko na sisi. Kuma bayan kakar 2029 yana da damar ya fita, sai dai in Mets sun ƙara masa miliyan 4 a kowace shekarar da ta rage, abin ya kai 805. Saboda haka tazarar da ke tsakaninsu ta fi yadda ake gani. A nan kam ko ni ba zan ce Soto ya fi mutumin da yake duka kuma yake jifa ba. An biya shi fiye da Ohtani ne don Yankees da Mets sun haɗu a kan kaya ɗaya, kuma mai kulob ɗin Mets, Steve Cohen, ya riga ya rantse ba zai koma gida hannu rabbana ba.

Ƙanin Kowa:
Wato ranar jajibirin salla aka je kara.

Maman Ilham:
Kusan haka. Amma tsadar rago daban, rashin ƙibarsa daban. Yaya Ɗan Queens cewa ya yi ragon ba shi da nama, ni kuma na ce yana da shi.

Baba Alhaji:
Ni fa har yanzu abu ɗaya ne bai shige ni ba. A ƙwallon ƙafa in ka sayi babban ɗan wasa, in wasa ya yi zafi sai a ce a ba shi ƙwallo. Jiya da kuke neman ci ɗaya, me ya hana a ba yaron nan sanda ya yi ta duka?

Ɗan Damagaram:
Baba, layi ake bi, mutum tara. In ya yi nasa sai takwas sun wuce kafin ya dawo. A dare ɗaya sau huɗu ko biyar zai riƙe sanda, shi ke nan. Ko gobara ake yi ba za a tsallake layi a kira shi ba. Kuma in mai jifa ya ga dama, sai ya ba shi tafiyar kyauta da gangan ya fuskanci na bayansa.

Baba Alhaji:
Ikon Allah. To ashe ko Pele ne sai ya jira layi. In haka ne, wanda ya zuba miliyan 765 a kan mutum ɗaya cikin tara shi ya kamata a tambaya, ba wanda ya karɓa ba.

Baban Khalifa:
Abin da nake faɗa tun ɗazu ke nan, Baba. San Diego sun gwada. Sun ba Washington yaransu mafi kyau, Abrams da Gore da James Wood, suka ɗauko shi. A 2023 ya buga duk wasa 162, hom-ran 35, ga Machado ga Tatis, suka ƙare 82 da 80 suna gida. Yau Wood shi ne fitilar Washington.

Ɗan Queens:
Ka manta ka ce a 2022 da shi suka zo Citi Field suka kore mu bayan mun ci wasa 101. Ina wurin a wasa na uku, duka ɗaya tal muka samu a daren. Mutumin nan ko yana tare da mu ko yana gaba da mu, sai na koma gida a jirgin 7 ina kallon takalmina.

Hajiya Ta Harlem:
To ka gani, kai matsalarka ta girmi Soto. Tun 1986 kuke jiran kofi, ana haifar yara suna yin aure.

Ɗan Queens:
Hajiya yau ba ki tausaya mini ko kaɗan.

Bari in faɗi inda na tsaya, don na karanta duk abin da kuka rubuta ina jiran fasinja a JFK. Na janye kalmar zuzutawa. Maman Ilham ta ɗaure ni da maganar Yuni, ba ni da amsa. Amma ban janye haushina ba. Lindor ya haɗa hom-ran 30 da satar tasha 30, Alonso ya kawo mutum 126 gida ya kuma karya tarihin Strawberry na yawan hom-ran a Mets, Soto ya yi abin da kuka lissafa, albashin kulob ya haura miliyan 300, kuma jiya a zagaye na biyar tashoshi a cike, Alonso ya narka wata kamar harsashi, wani yaro ya miƙa hannu a guje ya cafke. In da miliyan 51 ɗin nan masu jifa biyu aka saya da ita, ina ganin da yau ina neman tikiti. Ga shi Alonso ya ce zai fita kasuwa. In ya tafi, wa zai tsaya bayan Soto? Sai su yi ta ba shi tafiyar kyautar har 200, Malamin Lissafi yana tafi daga Kano.

Malamin Lissafi:
Zan tafa kuwa, da ƙarfe ɗaya na dare, in NEPA ta yarda. Amma Cohen ba irin masu kulob ɗin da ke cewa kuɗi sun ƙare ba ne. Ba Soto ya hana shi sayen mai jifa ba, shugaban sashen wasansa ne ba ya son ba masu jifa dogon kwantiragi. Fried yana kasuwa a Disamba, kowa ya gan shi.

Maman Ilham:
Wannan kuma sabuwar muhawara ce, ni kam ina da rahoton ƙarshen wata a gabana. Yaya Ɗan Queens, mu yi alkawari: in Soto ya kasa kai hom-ran 35 baɗi ba tare da ciwo ba, ni zan sayi tuwo da miyar kuka na mutum goma a wurin Hajiya. In ya kai, kai za ka saya.

Hajiya Ta Harlem:
Ni dai ko wa ya faɗi, a biya kafin a ci. Ba na yin irin na Ohtani.

Ɗan Queens:
Na yarda, Baba Alhaji shaida.

Baba Alhaji:
Ban shaida caca ba. Ku kira shi walima, kowa ya kawo rabi, ni kuma a sa mini man shanu.

Baban Khalifa:
Ɗan Queens, ina da tikiti ɗaya da ya rage na gobe, ƙanina aiki ya riƙe shi. Fried ne zai yi jifa. In kana so ka zo, mu haɗu a tashar 161 da ƙarfe biyar. Sharaɗi ɗaya, ka bar hular nan a mota.

Ɗan Queens:
Nawa ne?

Baban Khalifa:
Kyauta. Tafiyar kyauta.

Ɗan Queens:
Zan zo. Amma Boston zan goya wa baya, ka sani tun yanzu.